Kunnen da Ya Rage

Zibuyile ta kawar da kai gefe, ta tuntsurar da kwalbar a bakin magudana. Abin da ke ciki ya zubo da kauri, fari-fari kamar kunun da ya kwana, yana ƙaurin ƙahon da aka babbake. Garin ƙashin mutum ne haɗe da ruwa. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, amma har yau in ta zo zubar da kwalbar nan sai yawu ya cika mata baki. Ta buɗe famfo ta kora, ta mayar da kwalbar mazauninta a ƙarƙashin tebur.

A bayanta injunan huda shida suna ta kuka lokaci guda. Likitoci shida ne, matasa masu koyon tiyatar kunne, kowa ya kifa ido a madubinsa, a gabansa an ɗaure wani ƙashi da bai fi dunƙulen hannu ba. Likita Mabaso, shugaban sashen, yana zagayawa a tsakaninsu, hannu a baya.

"A hankali, a hankali!" in ji shi. "Wannan mai kama da saƙar zuma da ke bayan kunne ba shi da wuya, ko kaza ma ta tone shi. Amma a ƙarƙashinsa jijiyar fuska take kwance. Ka taɓa ta a jikin mai rai, bakinsa ya karkace har abada, kai kuma ka nemi lauya." Aka yi dariya. "In kun wuce ta za ku iske ƙashi fari fat, mai sheƙi. Nan injin zai canza murya. Duk jikin ɗan Adam babu ƙashi mai taurinsa, shi ya sa muke ce masa dutse. A cikinsa aka ɓoye katantanwar da ake ji da ita, da zobba uku masu hana mutum jiri. Ku buɗe su duka. Kafin shayi ina son kowa ya kai ƙasa."

Wani dogo a ƙarshen layi ya raɗa wa nasa ƙashin suna tun da safe. "Kawu, yi haƙuri, zan ɗan shiga ɗaka," ya ce, ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kansa da shi, har da ɗaga yatsa biyu. Tir! Zibuyile ta yi tsaki a cikin takunkuminta. Yaron da ko ƙusa bai iya bugawa ba, wai shi ne mai yi wa gawa ba'a.

Ita ta san inda ƙasusuwan suka fito, don ita ta ciro su. Gawar da ta yi wata guda a ɗakin ajiya ba a zo nema ba, doka ta yarda a yi karatu da ita kafin hukuma ta binne. Ita da Sokhela, mai kula da ɗakin gawa, sukan buɗe ƙoƙon kai, su yanko ƙashin ta ciki da zarto, su cusa auduga a gurbin, su ɗinke. Kunnen waje yana nan daram, wanda bai sani ba ba zai taɓa sani ba. Makon jiya gawa shida suka yi, ƙashi goma sha biyu, kuma kowanne ta ɗaura masa lambar mai shi da zare, da hannunta.

Yau da safe ta iske lambobin a kwandon shara. Dogon nan ne ya yanke su, wai suna hana ƙashi zama a kwanon da ake ɗaure shi. Ya ware na dama shida don aikin safe, ya zuba na hagu shida a bokitin magani sai da rana. Da ta kai ƙara, Likita Mabaso ko ɗagowa bai yi ba. "MaDlomo," ya ce, da sunan da ya saba kiranta, "ai waɗannan sun daina amsa suna."

Wayar bango ta yi ƙara. Sokhela ne.

"Sisi, 'yar'uwa, sauko."

"Ina tsakiyar aiki, Sokhela. In sukari kake nema, babu."

"Ba sukari ba ne. Dangin gawa mai lamba arba'in da ɗaya sun zo." Ya rage murya. "Da reshe a hannu suka zo."

Ta cire safar hannu, ta bi matakala, hawa uku zuwa ƙasa.

Mutum biyu ne a kan bencin bakin ƙofa. Wani tsoho cikin kwat da ta yi masa yawa, ya ɗora reshen magaryar kura a cinyarsa, an naɗe gindinsa da farin hankici. Kusa da shi wata mata da baƙin ɗankwali, rungume da sabon bargo da ko ledarsa ba a cire ba. Takalmansu duka sun yi ja da ƙurar garinsu, Msinga.

A al'adar mutanen nan, wanda ya mutu nesa da gida ba gawarsa kaɗai ake ɗaukowa ba. Dattijon gida yakan zo da reshen nan, ya kira mamacin da sunansa, ya gaya masa an zo tafiya da shi. Daga nan har ƙofar gida ba ya waiwaye, ba ya amsa wa kowa magana, sai dai ya yi ta ba mamacin labarin hanya: ga mota za mu shiga, ga gada, ga kogi za mu ƙetare. In bai ji ba, ya ɓata ke nan, ya yi ta gararamba a garin da ba nasa ba.

Sokhela ya ja ta ciki, ya tura ƙofa, ya miƙa mata fayil. "Velaphi Sikhakhane. Mai tura kaya a kasuwa. Ciwon huhu, kwana huɗu a hawa na biyu. Dubi shafin farko."

Ta duba. Ga shi nan da shuɗin biro, rubutu raɗau: yayarsa, da lambar waya.

"Ba wanda ya kira?"

"Wa zai kira? Masu aikin safe suka bar wa na rana, na rana suka bar wa Allah. Ni kuma takarda aka kawo mini an buga hatimi, ba shi da kowa." Ya share gumi. "Ranar Juma'a za a binne shi da sauran. Jiya wata mai shara 'yar garinsu ta ga sunan a allon sanarwa, ta kira su."

Wata biyu mutum yana kwance a firji, lambar 'yar uwarsa tana rubuce a fayil ɗinsa, ba a sami mai yatsan dannawa ba. Zibuyile ma da ta zo da zartonta, hatimin kawai ta duba, ba ta buɗe shafin farko ba.

"Na ce musu ana shirya shi," in ji Sokhela. "Ki taya ni mu gyara ɗinkin, mu sa masa hula. Su tafi lafiya, mu zauna lafiya."

Ta fita ta durƙusa ta gaida baƙin.

"Sannunku da hanya, Baba. Sannu, Mama. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, 'yata," in ji matar. Ita ce yayar, MaSikhakhane. "Babu inda ban shiga ba a garin nan. Ofishin 'yan sanda uku, gidan yari, har ƙarƙashin gada na leƙa ina ɗaga barguna. Nan ma na zo sau biyu, yarinyar da ke tebur ta ce babu mai irin sunan, tana cin gyaɗa tana gaya mini." Ta gyara riƙon bargon. "Amma tunda an gan shi, shi ke nan. Ƙanen mahaifinmu ne wannan, shi zai kai shi gida."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Tun asuba nake bitar hanyar a zuciyata, kada in manta masa wata kwana."

"Baba, ka dai tuna ta dama za ka tsaya," in ji MaSikhakhane. Ta juyo wajen Zibuyile. "Kunnensa na hagu ba ya ji. Tun yana ɗan shekara biyar yake zubar da mugunya, ƙuda na binsa, yara na tsokanarsa. Duk wanda ya san Velaphi ta dama yake zuwar masa. Wannan kunnen guda shi ne duk abin da yake da shi."

Zibuyile ta miƙe. "Ina zuwa, Mama," ta ce.

Hawa ukun nan da gudu ta yi su, ita da gwiwarta mai ciwo. Da ta tura ƙofa, ɗakin shiru. An tafi shan shayi, ana jiyo hayaniyarsu a baranda. Ta bi teburan ɗaya bayan ɗaya. Sun yi abin da aka ce su yi, sun kai ƙasa. Ƙasusuwan dama shida sun zama kwasfa, an rarake su kamar ƙwarya. Babu katantanwa, babu zobba, sai rami da ɗan ruwa a ciki. Ko da a ce lambobin suna nan, babu abin da za a mayar. Abin da Velaphi yake ji da shi ya zama gari, ya gauraya da na mutum biyar, rabi yana cikin kwalba, rabi ita da kanta ta kora shi magudana ta bi da ruwan famfo.

Ta jawo bokitin na hagu.

Warin maganin ya bugi idonta, hawaye suka zubo. Ba ta tsaya neman safa ba, ta tsoma hannu haka nan. Ta ɗauko na farko, ta sa a ƙarƙashin madubi, ta leƙa ta ramin kunnen. Dodon kunne lafiya lau, yana sheƙi. Na biyu ma haka. Na uku akwai dattin kunne cunkus, ta ƙwaƙule, shi ma lafiya. Na huɗu ne ta leƙa ta ga babu dodon kunnen sam, sai wani baki-baki da ya rage a gefe, ƙananan ƙasusuwan ciki kuwa ciwo ya cinye su. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa bayansa da ƙarfe. Sauran sukan yi amon abu mai rami. Wannan ya ce ƙwas, a dunƙule, don kunnen da ya shekara arba'in yana ruɓa ba ya barin saƙar zuma, toshewa take yi. Ta duba na biyar da na shida don kada ta yi wa wani ƙarya. Babu mai irin ciwon sai shi.

Tana naɗe shi a tawul Likita Mabaso ya shigo, samosa a hannu, yana tauna.

"MaDlomo, ina za ki da kayan aikina?"

"Na mai shi ne, Likita. 'Yan uwansa suna ƙasa."

Ya daina tauna. "Takardunmu sun cika?"

"Sun cika."

"To, doka tana bayanmu. An ɗinke kan, wa zai sani? Mutum shida gare ni, ƙashi shida. In kin ɗauke ɗaya, wa zan ce ya zauna ya kalli bango? Mu gani." Ya karɓa da hannun da babu samosa, ya leƙa a madubi. "Kai! Ai wannan ya fi duka kyau. Irin kunnen da za su riƙa gani ke nan kullum a asibitocin karkara. Yara nawa ke yawo da irinsa? Gara su koya a kan wanda ba zai ji zafi ba. Ajiye shi, da shi zan yi nuni."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Ta kalli maiƙon da ke leɓensa, ta kalli ƙashin a hannunsa.

"Likita, bara da mahaifinka ya rasu a hawa na huɗu, na gamu da kai a matakala da reshe a hannu. Na gaishe ka, ba ka amsa ba, ban kuma ji haushi ba. Ta wane kunne kake yi masa magana ranar?"

Fuskarsa ta canza. Ya ajiye ƙashin a kan tawul a hankali, ya nemi inda zai ajiye samosar, ya rasa, ya jefa ta a kwandon shara.

"Na daman fa?" ya tambaya.

"Tambayi mai kiran ƙashi Kawu."

Ya daɗe yana kallon teburan. Da ya yi magana, muryar shugaban sashe ce ta dawo. "Ɗauki, ki mayar. Zan ce ɗaya ya lalace. Amma ki ji ni da kyau, ki mayar bakinki alaikum. Kalma ɗaya ta fita, gobe muna jarida, a rufe ɗakin nan, ke kuma ki san inda za ki ci abinci. Saura shekara nawa ki yi ritaya?"

"Huɗu."

"To, ki riƙe su da kyau."

A ƙasa, Sokhela ya warware ɗinkin yana gunaguni. Suka zaro audugar gefen hagu, ta yi ruwan ƙasa, tana wari. Zibuyile ta saka ƙashin a gurbinsa. Ya zauna ɗas, bakin zarto ya haɗu da bakin zarto, ko gashi ba zai ratsa ba. Nasa ne. Gefen dama kuwa sabuwar auduga kawai suka ƙara. Sokhela ya ɗinke, suka goge masa fuska, suka sa shi a akwatin da motar haya ta kawo, suka buɗe ƙofa.

MaSikhakhane ta shigo, ta tsaya a kansa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta yage ledar bargon da haƙori, ta lulluɓe shi har ƙirji, ta gyara masa hular. "Ka rame, ɗan'uwana," ta ce. "Dubi yadda ka rame."

Zibuyile ta koma jikin bango, ta harɗe hannuwa. Hannun da ta tsoma a magani ya yi fari, ya yamushe, yana zogi. Ta yi abin da za ta iya. Ta yanke shawara a matakala cewa ba za ta ce komai ba. Su tafi da zuciyarsu a kwance, ita ma ta ci shekarunta huɗu. Me faɗar za ta gyara?

Tsohon ya cire hularsa, ya zagaya gefen dama kamar yadda aka tuna masa. Ya shafa reshen a ƙirjin mamacin, ya sunkuya da ƙyar, yana dafe da akwatin, har leɓensa ya kusa taɓa kunnen.

"Velaphi, ɗan yayana. Ni ne ƙanen mahaifinka. Mun yi ta nemanka, ba watsar da kai muka yi ba. Tashi, mun zo mu tafi da kai gida."

Yana magana a hankali, yana rarrabe kalmomi, yadda ake yi wa mai kunne ɗaya. Zibuyile tana kallon kunnen. Ta san abin da ke bayansa, ita ta cusa shi da yatsunta, auduga ce ta dunƙule biyu. Tsohon nan zai yi awa uku a bayan mota yana sunkuye, yana ba auduga labarin gada da kogi. Ƙyamar kanta ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a bakin magudana.

Tsohon ba a yi masa magana yanzu, ya riga ya fara. Ta taɓa hannun MaSikhakhane, ta ja ta gefe. Sokhela ya zaro ido yana girgiza mata kai, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Mama, akwai abin da ba a gaya miki ba. Da aka ce ba shi da kowa, mun cire ƙasusuwan cikin kunnensa, likitoci su koyi aiki. Ni na cire. Na hagun na samo, na mayar yanzu. Na daman babu. An niƙe shi da safen nan."

Matar ta dube ta tun daga takalmi har fuska, kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Ta zare hannunta, ta goge wurin da aka taɓa a jikin zanenta.

"Kun niƙe," ta ce.

"Mun niƙe."

"Kuna da lambata."

"Muna da ita."

"Allah wadaranku. Ku da karatunku, Allah wadai." Ba ta ɗaga murya ba, don kada ta katse tsohon. "Sai kika dawo masa da mataccen. Me zai yi da shi?"

"Ba duka ya mutu ba, Mama. Ƙofar ce ciwo ya cinye. Can ciki, inda ake ji, ƙashin dutse ne, mugunya ba ta fasa shi ba. Na duba. Ta rami magana ba ta shiga, amma in ta bi ta ƙashi..."

MaSikhakhane ta ɗaga mata hannu, ta katse ta. Matar ta tsaya tana kallon ƙanenta.

"Innarmu," ta ce, ba da Zibuyile take ba. "In ya kwanta a kan na daman yana barci, ba ta juya shi. Sai ta ɗora bakinta a nan, bayan kunnen, ta kira shi. Ya ce yana jin ta a tsakiyar kansa."

Tsohon ya miƙe, ya riƙe reshen a gabansa, ya fuskanci ƙofa. Sokhela ya saki birkin keken da akwatin ke kai. Ba wanda ya sake kallon Zibuyile.

"Velaphi," in ji tsohon, "yanzu za mu fita daga ɗakin nan. Ka biyo ni."

MaSikhakhane ta zagaya gefen hagu. Ta ɗage hular kaɗan, ta sunkuya, ta manna bakinta a fatar nan mai sanyi, daidai kan ƙashin. Keken ya fara tafiya, ta bi shi a sunkuye, ba ta ɗaga ba.

"Velaphi," ta ce, "yanzu za mu fita daga ɗakin nan. Ka bi Baba."